Yadda Ake Auna Narkewar Sinadari Mai Ruwa-ruwa da Ba Ya Son Shiga Ruwa

Zuba ɗan mai a kwalbar ruwa ka girgiza. Ruwan zai yi fari-fari, bayan wani lokaci man ya taso sama, ƙasan ya koma garau. Ido zai ce maka an rabu. Ba a rabu ba. Akwai ƙananan ɗigo na man da suka rage suna yawo a ciki, ido ba ya ganinsu, kuma suna iya kwanaki ba su taso ba. Idan ka ɗebi ruwan nan ka kai wa na'ura, za ta ƙirga abin da ya narke da abin da bai narke ba, ta haɗa ta ba ka adadi ɗaya. Yawancin kurakuran da ake yi wajen auna narkewar irin waɗannan sinadarai daga nan suke fitowa.

Misalin da ya fi fito da abin fili shi ne DEHP, sinadarin da ake sa wa robar PVC don ta yi laushi. Tsofaffin awo da aka yi da girgizawa sun riƙa ba da kusan miligiram 0.3 a lita. Da aka zo ana juya ruwan a hankali, sai adadin ya faɗo zuwa kusan maikirogiram 3 a lita, wato ya ragu kusan sau ɗari. Da irin wannan adadi ake hasashen inda sinadari zai je idan ya zuba a kogi, da yawan da kifi zai haɗu da shi, don haka kuskuren ba ƙarami ba ne.

Fara da sanin inda sinadarin ya faɗa

Ƙa'idar da dakunan gwaje-gwaje suka fi bi ita ce ta lamba 105 ta OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin gwiwar tattalin arziki da ci gaba, ƙa'idar da aka sabunta a 1995. Ta kawo hanya biyu: girgizawa a kwalba ga abin da narkewarsa ta haura giram 0.01 a lita, da bi da ruwa ta cikin wani siririn bututun gilashi mai ɗauke da sinadarin ga wanda bai kai haka ba. Kafin zaɓi ana ɗan gwajin share fage. A auna giram 0.1 na sinadarin, a riƙa ƙara ruwa kaɗan-kaɗan, ana girgizawa na minti 10 kowane karo, har a kai mililita 100. Idan har yanzu ana ganin ɗigonsa, narkewarsa ba ta kai giram 1 a lita ba.

Don kwatance, a zafin digiri 25 na ma'aunin Celsius benzin na narkewa kusan giram 1.8 a lita, toluwin kusan rabin giram, heksen kusan miligiram 10, okten kuwa bai kai miligiram 1 ba. Na biyun farko girgizawa na iya yi musu. A girgiza kwalabe uku a digiri 30, a cire ɗaya bayan awa 24, ɗaya bayan 48, ɗaya bayan 72, a bar kowace ta yi awa 24 a digiri 20, a raba ruwan da abin da bai narke ba a na'urar wulwulawa, a auna. Amma da zarar an gangaro zuwa miligiram kaɗan ko ƙasa da haka, kuma sinadarin mai ruwa-ruwa ne, ni ba na ba da shawarar girgizawa ko kaɗan. Hanyar bututu ma ta fi dacewa da daskararren abu, domin mai ruwa-ruwa kan ɓalle ya biyo ruwan. Abin da ya rage shi ne juyawa a hankali, dabarar da ƙa'ida ta 123 ta 2006 ta tsara domin wani awo na daban, masu bincike suka aro ta saboda maganin matsalar ɗigo iri ɗaya ne.

Haɗa kaya

Kana buƙatar tulun gilashi mai cin lita ɗaya zuwa biyu ko fiye, mai famfo a ƙasa da murfi mai rufewa ruf. Sai ɗan sandan maganadisu mai rufin tefulon ko gilashi, da na'urar juya shi, da wurin da zafi ke tsayawa a digiri 20, bai wuce rabin digiri sama ko ƙasa ba. Ban da tefulon ɗin nan, roba kada ta shigo aikin: tana tsotse sinadarin, wani lokaci kuma ita ce ke zubo nata a ruwan. A wanke gilashin, a ɗauraye da asiton ko heksen, a busar. Ragowar sabulu ko kaɗan ce tana ƙara narkewa, ta ɓata komai.

Ruwan ya zama tatacce, wanda aka kashe ƙwayoyin cutar cikinsa, domin gwajin na iya kai mako biyu ko uku, ƙwayoyin kuma suna cin wasu sinadarai. Idan sinadarin yana da halin asid ko kishiyarsa, a auna pH, wato ma'aunin ƙarfin asid na ruwan, a rubuta, don narkewarsa na canzawa da shi. Karanta takardar bayanin haɗarin sinadarin tun kafin ka buɗe kwalbarsa, ka sa safar hannu da tabarau, ka yi aikin cikin akwatin zuƙe hayaƙi.

Zuba sinadarin ba tare da tayar da ruwa ba

Nan ne hannu ke bukatar natsuwa. Sa maganadisun, ka cika tulun da ruwa kusan baki, ka bari ya kai zafin gwajin, a kwana ma ya fi. Sannan ka ɗauki sinadarin da bututun awo na gilashi, ka jingina bakinsa da bangon tulun dab da saman ruwa, ka bar shi ya gangara da kansa ya shimfiɗu. Kada ya ɗiga daga sama. Ɗigo ɗaya da ya nitse ya fashe ya isa ya lalata aikin mako guda.

Yawan da za a zuba ya ninka abin da ake zaton zai narke kamar sau biyar, yadda har ƙarshen gwaji za a ga ragowarsa a saman ruwa. Kada kuma a wuce gona da iri. Duk sinadari yana da ɗan gurɓi a cikinsa, kuma idan gurɓin ya fi shi son ruwa, yawan zubawa na tara shi a ruwan har ya sauya sakamako. Idan sinadarin ya fi ruwa nauyi, a ƙasa zai kwanta, sai a juya tsarin: a ajiye shi inda maganadisun ba zai taɓa shi ba, a riƙa ɗiban ruwa daga sama da doguwar allurar ƙarfe.

Rufe tulun, iskar da ke sama ta zama kaɗan idan sinadarin mai saurin bin iska ne. Lulluɓe shi daga haske. Haɗa tulu uku iri ɗaya, da na huɗu mai ruwa zalla don shaida. Sa ɗan abin tare zafi tsakanin tulun da na'urar juyawa, saboda injinta na ɗumama.

Yanzu kunna juyawa daga mafi ƙarancin gudu, ka ƙara sannu-sannu har ka ga ɗan lotsawa a tsakiyar saman ruwa, ka tsaya nan. Idan ramin ya zurfafa har ya fara jan sinadarin ƙasa, ka koma girgizawar da kake gudu, sai dai a zubar a sake.

Ɗiban samfur

Ɗebi na farko bayan kwana ɗaya ko biyu, sannan a riƙa ɗiba lokaci-lokaci. Kowane karo a kashe juyawa, a bar ruwan ya natsu kamar awa ɗaya, a buɗe famfo a hankali, a zubar da mililita na farko da suka kwana a bakinsa, sannan a tari samfurin kai tsaye cikin kwalbar gilashi da aka riga aka sa wa heksen ko daikuloromitan, waɗanda ke ciro sinadarin daga cikin ruwan. Ta haka abin da zai manne a bango ma yana shiga lissafi. Kada a tace da takarda ko matatar roba, suna riƙe sinadarin adadin ya fito ƙasa da gaskiya.

Kafin ka yarda da samfur, kashe fitila ka haska ɗan hasken leza ta cikin ruwan. Idan narkewa ce zalla, ba za ka ga hanyar hasken ba sai kaɗan. Idan layin ya fito sarai fiye da na tulun shaida, akwai ɗigo. Wannan shi ne abin da ake danganta wa John Tyndall, masanin kimiyya ɗan Ayalan na ƙarni na 19. Ba ya kama kowane ɗigo, amma ba ya cin ko minti ɗaya.

Awo da lissafi

Yi amfani da na'urar da ke gane sinadarin shi kansa, kamar GC-MS ko HPLC, ba mai auna jimillar kabon ba, wadda za ta haɗa da gurɓi. Haɗa ma'aunan kwatance aƙalla biyar masu ƙarfi daban-daban, kuma ka gwada hanyar cirowarka da ruwan da ka sa wa sanannen adadi, don ka san kashi nawa take dawo da shi.

A ce ka ciro sinadarin daga ruwa mililita 500 zuwa heksen mililita 10, na'ura ta nuna maikirogiram 25 a kowace mililita. Jimilla 250 ke nan, a rabin lita, wato miligiram 0.5 a lita. Idan hanyarka kashi 90 cikin ɗari take dawowa da shi, gyararren adadin ya zama kusan 0.56. Abin da aka gani a tulun shaida a cire shi tukun.

Zana sakamakon bisa kwanaki. Layin zai hau, sannan ya kwanta. Ana tsayawa ne idan ɗiba uku ko huɗu a jere sun yi kusa da juna, bambancinsu bai wuce kashi 15 cikin ɗari ba, kuma ba sa ci gaba da hawa. Lambobi masu tsalle sama da ƙasa, ko tulu ɗaya da ya zarce sauran, alamar ɗigo ce. Layin da ya hau ya fara sauka kuwa yana nuna sinadarin na rushewa, ko yana gudu ta murfi. Matsakaicin adadin wurin da layin ya kwanta shi za a rubuta, tare da zafin gwajin, pH na ruwan, tsabtar sinadarin, kwanakin da aka yi ana juyawa, da sakamakon kowane tulu daban.