Yadda Ɗalibi Zai Zama Masanin Halittun Kogi a Sudan

Yaron da ya tashi a Mai Wurno, a gaɓar Shuɗin Nilu, ya riga ya san watan da ruwa yake yin ja saboda lakar Habasha, kuma wannan sani shi ne jarinsa na farko idan yana son kaiwa matsayin farfesa a fannin halittun ruwan daɗi.

Hanyar makaranta a bayyane take. Ya ɗauki ɓangaren kimiyya a sakandare, ya karanci ilimin dabbobi ko na tsirrai, sannan ya yi digiri na biyu da na uku. Jami'ar Khartoum ta fara binciken halittun Nilu tun shekarun 1950, sai dai yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya dagula karatu, saboda haka kada ya zauna jiran ɗakin gwaji.

Ya zaɓi wuri guda, misali magudana ɗaya a gonakin Jazira (yankin noma da ke tsakanin kogunan Shuɗin Nilu da Farin Nilu) ko wani lungu a tafkin madatsar Sinnar da aka kammala a 1925, ya riƙa komawa duk mako a sa'a ɗaya. Ya ɗaura farin faifai a igiya mai alamun awo, ya zura shi har ya ɓace wa gani, ya rubuta zurfin, domin da haka ake gane kaurin laka da iyakar inda haske yake kaiwa. Idan ya sami na'urar auna iskar oksijin, ya auna da asuba, lokacin da ta fi ƙaranci bayan tsirrai da kifaye sun kwana suna shaƙa. A ganina, littafin da aka cika shekara uku babu fashi ya fi na'ura mai tsada da aka tsoma sau biyu.

Daga nan sai zaɓen matsalar bincike. Katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya tana maƙale a ciyayin magudanan Jazira, kuma mai tattara ta ya sa dogon takalmin roba da safar hannu, don tsutsar ta fata take shiga. Akwai kuma wata ciyawa mai yawo a kan ruwa, mai shuɗin fure, 'yar asalin Kudancin Amurka, wadda ta mamaye Farin Nilu daga ƙarshen shekarun 1950 har ta taru a bayan madatsar Jabal Auliya.

Ya lizimci masunta da ladabi. Idan dattijo ya ce masa, "Ɗana, karfasa ta yi ƙaranci bana," ya rubuta ranar da wurin, ya nemi izinin auna tsawon kifin da ke cikin kwalekwalen.