Igama ba ta da fansho: yadda za ka tanadi riyal da ƙarfin gwiwa kafin ranar komawa

'Yan uwa mazauna Jidda da Makka da Madina, akwai maganar da ba ma son yi a majalisa, sai an ga mutum da jakunkuna biyu da takardar huruj niha'i, wato bizar fita ta ƙarshe, a hannu sannan kowa ya yi tsit. Ni na wuce hamsin, kuma wallahi abin da ya tashe ni daga barci wani dattijo ne da muke sallar asuba sahu ɗaya a Karantina, shekara kusan talatin yana tuƙa motar kamfani, ranar da zai tafi na riƙe masa jaka zuwa mota na ga sai ya ɗago ƙafarsa ta dama da hannu biyu kafin ya iya shiga, gwiwar ta kumbura sumtum, a mota kuma yake ce min, ƙanena, gidan da nake ta aika kuɗinsa ashe ko linta bai kai ba. Tun ranar na zauna na yi lissafina, ga shi nan yadda na yi shi.

Fara da sanin matsayinka. Hukumar ta'aminat, wato GOSI mai kula da inshorar ma'aikata da fansho, baƙo ba ya cikin ɓangarenta na fansho, abin da kamfani yake biya maka kashi 2 cikin 100 ne na haɗarin wurin aiki kawai. Kenan ran da aiki ya ƙare babu wani alat da zai riƙa shigowa duk wata. Inshorar lafiya ma da aikin take tafe, igama, wato katin izinin zama, kuma haka. Abin da doka ta ba ka shi ne kuɗin sallama, mukafa'at nihayat al-khidma, kuma yana cikin sashe na 84 na dokar ƙwadago: rabin albashin wata ga kowace shekara a shekaru 5 na farko, sai cikakken albashin wata ga kowace shekara bayan nan, a kan albashinka na ƙarshe ake lissafawa. Ɗauki biro yanzu. In kana karɓar riyal 2,000 ka yi shekara 20, biyar ɗin farko 5,000 ne, sauran 15 ɗin 30,000, jimla 35,000. A ido da yawa, amma in gidanka yana cin 1,000 a wata ai shekara uku ma ba za ta cika ba. Kuma a kula, in kai ne ka ajiye aiki, sashe na 85 ne zai hau kanka, daga shekara 2 zuwa 5 kashi ɗaya cikin uku za a ba ka, daga 5 zuwa ƙasa da 10 kashi biyu cikin uku, sai ka cika 10 za ka karɓa duka. Na san wanda zuciya ta ɗebe shi ya ajiye aiki yana shekara tara da watanni, dan Allah in ka kusa kan iyakar nan ka daure ka cinye fushinka.

Shiga Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago na intanet, ka duba kwantiraginka, albashin da aka rubuta shi ne wanda kake karɓa? Domin wasu ana rubuta musu ƙasa a ba su ragowar a hannu, to ranar sallama da na takarda za a yi musu lissafi. Kar ka sa hannu a takardar da ta ce ka karɓi haƙƙinka duka alhali bai shiga asusunka ba. In an hana ka, akwai sulhu a ma'aikatar ƙwadago, in ya ƙi sai kotun ma'aikata, amma wata 12 kawai gare ka bayan rabuwa da aikin. Masu aikin gida da direbobin gida nasu tsarin daban ne, albashin wata ɗaya in an yi shekara 4 a jere wurin mutum ɗaya, su tanadin kansu ya fi zama dole.

To ina za a ajiye? Ni dai ranar da albashi ya shigo nake cire kashi ɗaya cikin goma kafin in taɓa komai, kafin 'yan gida su fara kira, domin in ka ce sai abin da ya rage za ka ajiye babu abin da zai rage. Kuma ba na juya shi duka zuwa naira. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75, tun 1986, ita kuwa naira kowa ya ga abin da ya faru, daga wajen 460 a dala kafin watan Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024, wanda ya tara shekara goma a asusun naira ya wayi gari kuɗin buhu uku ya koma na ɗaya. Raba ƙafa ya fi: wani abu a riyal, wani a zinari tunda nan ƙasarsa ce kuma ka riƙe rasit ɗinka, wani a gida cikin abin da yake kawo kuɗi, shago ko ɗakunan haya ko sukuk, wato takardun saka jari na Musulunci, na gwamnatin tarayyar Najeriya da aka fara a 2017 ga mai gudun kuɗin ruwa. In zinarin ya kai giram 85 ya shekara, zakka ta hau. Adashe, ko jam'iyya kamar yadda ake cewa a nan, yana da kyau amma da mutanen da ka san gidansu.

Batun gini a gida kuwa, nan ne ake yi mana illa. Ba na cewa ka zargi ɗan uwanka, amma takardar fili ta zama da sunanka, kuɗi ka tura kaɗan kaɗan gwargwadon aiki, a kira ka ta bidiyo ka ga bulo da idonka, sannan a samu mutum na biyu da ba ɗan gidan ba ya riƙa leƙawa. Ka gina daidai tsufanka, ƙasa, babu bene, banɗaki kusa da ɗakin kwana. Kafin huruj kuma ka kwashe kuɗinka ka rufe asusu, banki yana daskarar da shi in igama ta mutu.

Yanzu jiki, wanda shi ne rabin jarin. Zamanmu a nan daga mota sai ɗaki mai AC, ga kabsa da mandi da dare, ga shayi da sukari cokali uku, ciwon suga da hawan jini suna shigowa ba sallama. Hukumar lafiya ta duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a sati, wato minti 30 sau biyar, sai kwana biyu na ƙarfafa tsoka, wanda ya kai 65 kuma ya ƙara da atisayen da zai hana shi faɗuwa. Kafin ka fara je mustausaf, wato ƙaramin asibiti, a auna jini da suga tun inshora tana hannu.

Ni ga yadda nake yi. Bayan asuba bana komawa shimfiɗa, takalmi mai taushi yana bakin ƙofa tun dare, in fita mamsha, hanyar da aka ware wa masu tafiya a ƙafa. Satin farko minti goma kawai na yi, ƙirjina yana bugawa na zauna kan benci, yanzu nakan yi arba'in, ranar Juma'a kuma mu uku mu gangara Kornish, gaɓar ruwan Jidda, iskar teku tana kaɗa mu. Saurin da ake so shi ne wanda za ka iya magana amma ba za ka iya jan baƙi da ƙira'a ba. Da bazara kar ka kuskura ka fita da rana, Makka tana wuce digiri 45, ko asuba ko bayan isha, ko ka shiga mol ka zagaya cikin sanyi ba mai ce maka don me, da gorar ruwa a hannu. Na Madina Allah ya hutar da su, hanyar ƙafa daga Harami zuwa Ƙuba kusan kilomita 3 ce, ga lada ga lafiya. Na Makka kuma sa'ayi tsakanin Safa da Marwa ma kusan haka ne, wanda yake son ya yi umara da ƙafarsa ba a keke ba yana da shekara saba'in, tun yanzu zai fara.

A ɗaki, kujera ta isa. Zauna ka tashi ba tare da dafa hannu ba sau goma, huta, ka sake. Dafa bango ka tura jikinka sau goma. Tsaya da ƙafa ɗaya kana riƙe da bakin taga kana ƙirga ashirin, ka canza. Iyayenmu mata ma su yi, Hajiya ko da abayarki mamsha ta kowa ce, ki ja maƙwabciya ku fita bayan magariba. Ƙwallo kuma, ga wanda ya daɗe bai taɓa ba, kar ya biye wa samari a fili, a nan ake tsinka jijiya, a yi ta tafiya ba gudu ko a nemi wurin iyo, ruwa yana ɗauke wa gwiwa nauyi. In ka ji ciwo a ƙirji ko jiri ko numfashi ya ɗauke, tsaya nan take, lambar motar asibiti 997 ce.