Kurakuran da muke tafkawa wajen yawo da kayan tarihin yaƙin Bama a makarantu

Shekara ta huɗu kenan ina yawo da akwatin ƙarfe biyu da allon katako mai naɗewa a bayan wata tsohuwar mota, daga wannan makaranta zuwa waccan tsakanin Zariya da Kaduna da Kano, wani sa'in har wajen baje koli ko ranar kasuwa, ina nuna wa yara kayan sojojinmu da suka je yaƙin Burma, wanda tsofaffi suke ce wa yaƙin Bama. Kwanan nan mutum biyu uku suka tuntuɓe ni wai suna so su fara irin wannan a nasu yankin, shi ne na ce bari in zayyano wuraren da na yi tuntuɓe, don gaskiya yawancin abin da zan faɗa ni na fara tafka shi kafin na ga wasu sun maimaita.

Babban kuskure ba a kayan yake ba, a bakin mai bayani yake. Mu taso muna jin ana cewa yaƙin Hitila, yaƙin Hitila, sai mutum ya tsaya gaban yara ya ce kakanninku sun je sun yaƙi Jamusawa. A yaƙin duniya na biyu dai ba haka aka yi ba. Sojojin Najeriya da Italiyawa suka fara gwabzawa a Somaliya da Habasha, su ne suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, daga baya kuma aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga nan suka shiga dajin Burma suka fuskanci Japanawa a 1944 da 1945. Inda muka yi da Jamus gaba da gaba shi ne yaƙin farko, a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, su Garwa da dutsen Mora, sai kuma gabashin Afirka. In ka cakuɗa waɗannan, akwai malamin tarihi ɗaya da ke tsaye a bayan aji ya harɗe hannu, ba zai ce maka komai a gaban yara ba amma ba za a sake kiranka ba. Sannan kalmar Bama ɗin kanta tarko ce, na taɓa yin minti ashirin ina zuba, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce malam ai mu ƴan Bama ne, babanta bai taɓa ba ta wannan labarin ba. Ashe ita tun ɗazu Bama ta jihar Borno take ji. Tun ranar taswira nake fara buɗewa kafin komai, in sa yatsa a Legas in ja shi ta teku har Bombay, in nuna musu ƙasar da yanzu ake kira Myanmar, sannan mu ci gaba.

Na biyu kuma, wanda ya fi ci min rai in na gani, shi ne mutum ya shiga intanet ya kwaso hotunan tankokin yaƙi da jiragen Turawa da Hitila yana ɗaga hannu, ya buga su manya manya ya jera, ba ko baƙar fata ɗaya a ciki. Yara za su kalla kamar fostar fim su wuce. Alhali abin da zai kama su yana nan kusa da su. Kusan sojoji 90,000 ne daga Afirka ta Yamma suka je fagen yaƙin Burma kuma fiye da rabinsu ƴan Najeriya ne, da Hausa ake magana a bariki har hafsoshin Turawa sai da suka koye ta. Runduna ta 81 da aka kafa a 1943 tambarinta baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya, asalinsa Ananse na tatsuniyar mutanen Gana, to ka ce wa ɗan aji huɗu ga Gizo nan mijin Ƙoƙi a kafaɗar soja ka ga yadda aji zai kaure. Runduna ta 82 kuma nata tambarin mashi biyu ne a gicciye a kan gammo, gammo dai wanda suka sani na ɗaukar tulu, saboda a dajin can ba hanyar mota, abinci da harsashi jirgin sama ke jefowa, mutane su ɗauka a ka su hau dutse su sauka kwari. Ni yanzu gammo na gaske nake zuwa da shi da ɗan buhun yashi, yaro ya aza ya zagaya aji sau ɗaya, wannan ya fi hoto goma aiki.

Haka sunayen barikoki. A Zariya in na tambayi yara me ya sa ake cewa barikin Chindit ba mai amsa, alhali kullum ta ƙofarsa suke wucewa, sai in gaya musu sunan wata runduna ce ta musamman ƙarƙashin Janar Wingate da aka sauke a bayan layin Japanawa a 1944, kuma akwai bataliyoyi uku na Najeriya a cikinta. A Kaduna ga Dalet ga Kalapanzin, duk sunayen wurare ne a yankin Arakan na Burma, a Legas ga Myohaung ga Dodan. Duk garin da za ka je ka nemi abin da ya haɗa shi da yaƙin tun kafin ka tafi. In Kano ce ka yi maganar filin jirgi, don ta nan jiragen yaƙin da ake harhaɗawa a Takoradi suke yada zango su wuce Maiduguri da Khartoum har Alƙahira, in Jos ce maganar mutanen da aka tilasta wa haƙar kuza, ko ina ne kuma akwai labarin gyaɗa da tsadar gishiri da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939 ana karanta wa mutane labarin yaƙi a ƙofar gida. Wannan ɓangaren na gida shi ne ke riƙe makarantun ƴan mata musamman, da farko ban gane ba, ina ta bayanin bindiga suna ta hamma.

Tunda an zo maganar bindiga, dan Allah kar ka ɗauko ta. Ko ta mutu, ko ta yi tsatsa, ko ba ta da kunama, a shingen bincike bindiga bindiga ce kuma doka lasisi take nema. Wani abokin tafiyata ya sa masassaƙi ya yi masa ta katako ya shafa mata baƙin fenti, mun kwana biyu muna murna, ranar nan aka tsayar da mu a hanya aka buɗe but, wallahi sai da muka yi awa uku a gefen titi muna kiran waya, makarantar da ke jiranmu har aka tashi. Yanzu hoton Lee-Enfield, bindigar da sojojin suka riƙe, nake bugawa daidai tsawonta a jikin babban ƙyalle, sannan in ba yaro wani guntun bututun ƙarfe mai nauyin kusan kilo 4 in ce haka nauyinta yake, ɗauki ka ji. Kakin soja ma haka, kar ka sa, kar ka sa wa yaro, hoto ya isa. In kuwa wani ya kawo maka tsohon harsashi ko wani ƙarfe mai kama da gurneti wai an tono a gona ka haɗa da kayanka, kar ma ka taɓa, a sanar da jami'an tsaro, irin waɗannan suna tashi bayan shekara da shekaru. Kuma ko ba makami a motarka ka riƙa yawo da takardar izini da jerin kayan da ke cikin akwati a rubuce da hotonsu.

Takardar izinin nan ma mutane suna raina ta. Ka san hedimasta, kun yi waya ya ce ka zo, ka zo ka tarar ya tafi taro, mataimakinsa ya ce shi bai san zancen ba. Firamare ta gwamnati ta ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ake bi, sakandare ta ofishin shiyya ko ma'aikatar ilimi, ka kai wasiƙa a buga maka hatimi ka yi kwafi da yawa. In a fili za ka baje, kasuwa ko dandali, ka fara gaida mai unguwa ko dagaci sannan ka leƙa wajen DPO. Kar ka sa rana lokacin WAEC da NECO, kar ka sa Juma'a, da azumi kuma in ya wuce sha ɗaya na safe kai da yaran duk ba mai ƙarfi. Watan Janairu ya fi kowane lokaci karɓuwa saboda ranar tunawa da mazan jiya, 15 ga wata, sai dai ka sani ita wannan ranar ƙarshen yaƙin basasa ce ta 1970, da can 11 ga Nuwamba ake yi, ka bambance wa yara don kar su haɗe yaƙi biyu wuri ɗaya.

Wannan ya tuna min wani abu. Akwai masu ɗauko dattijo su zaunar a kujera su ce ga wanda ya je Bama. Yi lissafi mana, wanda yake da shekara 18 a 1943 an haife shi 1925, yau ya kai ɗari. Yawancin dattawan da ake kawowa yaƙin basasa suka yi ko Kwango, labarinsu ma abin ji ne amma a faɗi gaskiyar inda suka je. Ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion a jiharku zai iya haɗa ka da iyalan waɗanda suka je ɗin, ɗa ko jika ya zo da lambar yabon ya faɗi abin da ya ji daga bakin tsohon, ya wadatar.

To kayan aro, nan ne ake ɓata zumunci. Iyali za su ɗauko maka lambar Burma Star da takardar sallama da suka ajiye a ƙasan adaka shekara tamanin, kai kuma don gwaninta ka sa toka da lemon tsami ka goge lambar ta yi ƙyalli, ka wanke ƙyallen, ka kai takardar shago a manne ta da leda mai zafi. Ka gama da su kenan. Zafin injin nan yana cin tawada kuma ledar ba ta ɓaruwa har abada, ni na yi wa wata takarda haka a shekarata ta farko, har yau in na haɗu da mai ita kunya nake ji. Abin da ake yi shi ne a ɗauki hotonta mai kyau ko a yi sikanin, a buga kwafi, kwafin ake mannewa a ba yara su taɓa, ta asalin ta koma gidansu ko ta zauna cikin akwatin gilashi mai makulli. Lambar kuma busasshen ƙyalle mai laushi kawai, tsufanta shi ne kyanta. Ka rubuta yarjejeniya ko da a takardar littafin makaranta ce, wa ya bayar, me da me, yaushe za a dawo da shi, ku sa hannu da shaida. Kuma kar ka ajiye akwati a ƙasa da damina, gara ba ta san tarihi ba.

Wajen nunin kansa kurakuran ƙanana ne amma su ke kashe rana. A tara maka makaranta gaba ɗaya yara ɗari shida a filin asambuli cikin rana, na gaba su danne tebur na baya ba sa ganin komai, gara ka roƙi aji ɗaya a riƙa turo su talatin talatin, minti ashirin ashirin. Rubutun jikin hoto ya zama da Hausa, babba, layi biyu, Turanci a ƙasa in ana so. Majigi kuma sai ka gwada ɗakin tukuna, yawancin azuzuwanmu ba labule ba wuta, ka sha wahalar janareto a banza hoton ya fito fari fat. Da hunturu iska za ta kwashe maka allo in ba ka ɗaure shi da dutse ko jarkar ruwa ba, ƙura kuma kullum sai ka goge gilashi.

Sai sauti. Na taɓa sa ƙarar harbi da bama-bamai a sifika wai don abin ya yi armashi, yara suna ta ihun murna, ban lura ba sai da malamar ajin ta taɓo ni, wani yaro ya shige ƙarƙashin benci ya toshe kunne yana rawar jiki, ashe iyayensa gudun hijira suka yo daga ƙauyensu ba a fi shekara ba. Na kashe, amma ranar dai ta riga ta lalace masa. A yanayin da arewa take ciki kusan kowace makaranta akwai irinsa, don haka na daina sa wannan sautin kwata kwata, hotunan gawa ma na cire, kuma kafin in fara nakan tambayi malamin aji a gefe ko akwai yaron da ya kamata a kula da shi.

A baje koli da kasuwa kuma mutanen daban ne, ba mai tsayawa minti ashirin, manya ne da ƴan kallo, wani zai ce nawa za ka sayar da lambar nan, wani zai ce kakansa shi kaɗai ya kashe Japanawa ɗari. Kar ka yi musu, kuma kar ka rubuta a allo kamar tabbas ne. Ka ajiye babban littafi da biro, duk wanda ya ce nasa ya je ka rubuta sunan tsohon da garinsu da lambar soja in suna da ita, daga baya a duba ta a rumbun adana takardu na ƙasa da ke Kaduna ko a jerin sunayen hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth, wanda yake a intanet kyauta, in a can ya rasu. Ku kasance ku biyu a kan tebur ko yaushe, ɗaya na magana ɗaya na kallon hannaye, kuma a ƙirga kaya da jerin nan kafin a rufe akwati, ba sai an isa gida ba. Ni maɓallin rigar soja guda ɗaya na rasa a wata kasuwa, na tagulla mai tambarin bishiyar kwakwa, kuma na aro ne.