Yadda za ka bi salsalar gidanku idan kakanni sun yi ƙaura

Wanda zai bi asalinsa a ƙasar Hausa ya fara sanin cewa suna ba zai kai shi nesa ba. Mu ba mu gadon sunan gida guda. Musa ɗan Garba shi ne Musa Garba, ɗansa kuma Sani Musa, jika yana zuwa Garba ya ɓace. Wasu ma sunan gari makarantar boko ta liƙa musu, kamar Shehu Shagari da Aminu Kano. Don haka da suna da gari ake tafiya tare.

Da farko ka sami littafi, ka ware shafi huɗu: dangin kakanka na wajen uba, na kakarka ta wajen uba, sai biyun na wajen uwa. Kada ka cakuɗa su. Kowane mutum ka rubuta sunan yanka, laƙabi, sana'a, inda aka haife shi da inda aka binne shi.

Sai ka tafi wurin tsofaffi, kuma ka fara da mata. Maza sukan lissafo iyaye maza a jere su tsaya nan, amma gwaggo ko inna ita ta san daga wane gari aka auro wance, wa ya riƙe wa, wa ya tafi bai dawo ba. Ka je da goro ko turmin atamfa, ka ɗauki murya a waya idan ta yarda. Sai dai tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ko ɗan farinta ba, "malam" za ka ji ko "mai sunan baba". Kada ka matsa mata, ka tambayi ƙanin mijin daga baya. Ka kuma bambance wanda ya haifa da wanda ya riƙa, nan ne lissafin mutane da yawa yake karkacewa.

Shekara kuwa, kada ka ce "a wace shekara?" Ka ce zamanin wane sarki, kafin me, bayan me. Zuwan Turawa Kano da Sakkwato 1903 ne. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Idan aka ce "lokacin yaƙin Hitila", tsakanin 1939 da 1945 ke nan.

Daga nan ka dubi unguwa da sana'a. A birnin Kano, wanda gidansu na gado yake Agadasawa, Tudun Nufawa, Zangon Barebari ko Ayagi, unguwar ta riga ta nuna masa inda zai fuskanta. Tsagar fuskar kaka ma shaida ce. Tsohon wanzami yana ganin hoto zai ce maka wannan zanen Gobirawa ne ko na Barebari.

Wuri mafi wuya shi ne reshen da ya bar ƙasa. Idan aka ce kakan ya tafi Gwanja fataucin goro, ka sani rikicin da aka yi a 1892 a Salaga, babbar kasuwar goro ta Gwanja a arewacin Ghana ta yau, ya watsa fatake zuwa Kete Krachi, Kumasi da Accra, saboda haka a zangunan waɗannan garuruwa za ka nema, ta hannun sarkin zango ko liman. Wasu sun dawo a 1969 da gwamnatin Busia ta Ghana ta kori baƙi, kuma su ne suka fi sanin waɗanda suka rage a can. Idan kuwa "ya tafi gabas" aka ce, to ko hajjin ƙafa ne ta Chadi da Sudan, ko hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello ya kai jama'a Sudan suka kafa Mai Wurno kusa da Sennar, wasu alhazan kuma noman auduga na Gezira ya tsayar da su har suka zauna. A can ma da sunan garinku na asali za ka yi tambaya, don shi zuriyarsu suka fi riƙewa.

Takarda tana zuwa a ƙarshe, don tabbatarwa. Ka fara da adakar gida: gefen tsohon Alƙur'ani da littattafan malamai, inda ake rubuta haihuwa da rasuwa da ajami, sai takardun gona da na rabon gado, waɗanda sukan jero magada har da mata. Bayan haka akwai ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da Arewa House a Kaduna, Gidan Ɗan Hausa a Kano, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Rahotannin haraji na Turawa sukan faɗi waɗanda suka kafa ƙauye da inda suka fito, amma da wuya ka ga sunan talaka.

Abu ɗaya da zan ja kunne a kai: gidaje da yawa suna son su jingina da sarauta ko sharifta, kuma ba kowa ke son a ce kakarsa baiwa ce da aka kawo rinji ba. Duk labarin da a bakin mutum ɗaya ka ji shi, ka rubuta sunan wanda ya faɗa a gefe, ka bar shi da fensir har sai wani daga wani reshen, wanda ba su zauna tare ba, ya faɗi irinsa.