Wankan daji da yara: yadda muke yi a gidanmu

Mutanen Japan suna da wata al'ada da suke kira shinrin-yoku, wato wankan daji. Hukumar gandun dajinsu ce ta raɗa sunan a 1982. Babu soso babu sabulu: mutum ya shiga cikin itatuwa, ya rage sauri, ya bar ido da kunne da hanci su yi aikinsu. Ranar da na ba surukata labari dariya ta yi, ta ce, "To mu da muka tashi muna zuwa itace, ai kullum a wanke muke." Gaskiyarta. Sai dai jikokinta a cikin garin Bauchi aka haife su, autana ma sai da ya shekara bakwai bai san kanya ba.

Ba sai an je Yankari ba. Lambun mangwaro ko kurmin bakin rafi ya isa, muddin wuri ne da aka san ku, kuma kun tambayi mutanen gari lafiyar hanya. Mu ƙauyen su maigida muke zuwa. Yankari sau ɗaya a shekara, ta Dindima mu shiga ƙofar Mainamaji. Can ba a kutsa daji a ƙafa ba tare da ma'aikaci ba, don haka a inuwar bakin Wikki muke zama, ruwan da ɗuminsa ke tsaye a kusan digiri 31 rani da damina. Ku ɓoye abinci, birran wurin ba su da kunya.

A fita da sassafe, a dawo kafin rana ta take. Na fi son hunturu, ciyawa ta kwanta, ana ganin inda ake taka ƙafa. Kowa ya sa takalmi rufaffe da riga mai dogon hannu. A ɗauki ruwa, tabarma, dabino ko ƙuli-ƙuli, da ledar kwaso shara. Wayoyi duk su shiga jakata, guda ɗaya kawai ake bari a kunne saboda tsaro.

Zuwanmu na farko ni na ɓata shi. Na mayar da dajin aji, ina ta "wannan sunanta kaza, amfaninta kaza", har babbar 'yata ta ce, "Umma, yau ma makaranta ce?" Tun daga nan na koyi kama bakina.

Yanzu da mun isa sai mu shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya. Kowa ya rufe ido, duk sautin da ya ji ya lanƙwasa yatsa ɗaya. Da farko sai ƙyalƙyala dariya da tsokana, kada ki tsawata, da kansu za su lafa. Can sai a fara jin kurciya, da cilakowa, da busasshen ganye yana gogar ɗan'uwansa, da ƙararrawar keken wani manomi daga nesa. Bayan nan su tashi su shafa itatuwa: jikin kuka sumul, na tsamiya kaushi. Su murza ganyen darbejiya su shinshina. Inda yaro ya tsaya, nan za ki tsaya. Autana ya taɓa shafe rabin sa'a yana bin jerin tururuwa da ke jan ƙwayar dawa, ni kuwa na zauna, sai na lura wuyana da ya kwana biyu a sanƙare ya saki.

Doka uku gare mu. Ba a zura hannu a rami ko suri. Ba a ɗaga dutse da hannu, saboda kunama. Ba a kai ɗan itace baki sai an nuna wa Kaka, ita ce ta san ɗinya da taura da abin da ba a ci.

In an dawo gida, kafin kowa ya hau gado, a duba ƙafa da bayan kunne ko kaska ta maƙale, a kuma tsince ƙarangiya daga safa tun a ƙofar gida.