Darasi na 6: Gubar ƙarfe a bedin lambu

Masu lambu a Kwadon da Dadin Kowa sun san takin bola akwai araha. Sai dai a cikin bolar gari akwai fasassun batura, da tokar wayar lantarki da aka ƙona, da gwangwanayen fenti. Ta nan dalma da kadamiyom (wani ƙarfe mai guba) ke shiga ƙasa, haka kuma ta ruwan kwatar da ya ratso garejin makanikai. Waɗannan ƙarafa ba sa ruɓewa, sukan yi shekaru a inda suka zauna. Dalma ba abin wasa ba ce: ita ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, sanadin niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje.

Sau da yawa iri yakan tsira duk da gubar, domin ɓawonsa yana kare shi. Saiwa ce ke fara ɗanɗanawa. Kanta, inda take ƙara tsawo, shi ke lalacewa, sai ta gajarce, ta yi kauri, ta koma ruwan ƙasa maimakon fari. Saiwar da ta nakasa ba ta jan ruwa da taki, shi ya sa tsiron ke tsumburewa, sabon ganye ya yi ɗorawa, ko da an zuba masa takin yuriya.

Ga gwajin da kowa zai iya yi a gida. A sami roba biyu masu huji a gindi. Ɗaya a cika ta da ƙasar da ake zargi, ɗayar da ƙasar gona mai nisa da titi da bola. A shuka ƙwayar kokwamba 20 a kowace, zurfin gaɓar yatsa, a riƙa ba su ruwan rijiya daidai wa daida. Rana ta 7 a ƙirga waɗanda suka fito. Rana ta 10 a jiƙa ƙasar sosai, a tuge tsiro biyar-biyar a hankali, a wanke saiwar a auna da rula. In ta robar farko ba ta kai rabin tsawon ɗayar ba, ƙasar nan tana da matsala.

Gishiri ko kanwa ma kan jawo haka, don haka a ba malamin gona samfurin ƙasar ya kai ɗakin gwaji. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne alayyahu da latas na iya yin kore shar alhali sun tara kadamiyom a ganye, kuma wanki ƙura kawai yake fitarwa. Kafin sakamako ya dawo, a yi renon iri a buhunan da aka cika da ƙasa mai tsabta da ruɓaɓɓen kashin shanu.