Yadda ake gano inda tsohuwar manhajar CRM ke buƙatar gyara

Babban kamfani yakan shekara goma sha biyar ko ashirin yana amfani da manhaja ɗaya ta kula da hulɗa da abokan ciniki, wadda aka fi sani da CRM. A cikinta ake ajiye sunan kwastoma, abin da ya saya, ƙorafin da ya kawo da alƙawarin da aka yi masa. Wasu daga cikin irin waɗannan manhajoji da ke aiki har yau na Siebel ne, kamfanin da aka kafa a 1993 kuma Oracle ya kammala sayensa a farkon 2006. Wasu SAP CRM ne, wasu kuma tsofaffin zubin Microsoft Dynamics da ke zaune a kan sabar kamfani, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da manhajar. Idan manhaja ta kai waɗannan shekaru kowa kuka yake da ita, kuma abin da ke fara zuwa bakin shugabanni shi ne a sayo sabuwa. A ganina wannan gaggawa ce. Yawancin ciwon daga kayan da aka yi ta labta mata yake, kuma idan ba a sauke su ba, tare za a yi ƙaura da su.

Mataki na farko: ka ja kujera ka zauna kusa da mai amfani da ita

Kada ka fara da taro. A taro manaja zai ce maka rahotanni yake so, alhali wanda ke shigar da bayanan yana can yana fama. Ka zauna kusa da ma'aikaciyar da ke amsa kiran kwastomomi na tsawon rabin yini, da takarda a hannu. Ka ƙirga sau nawa take danna linzami kafin ta rubuta kira ɗaya, shafi nawa take buɗewa, da daƙiƙa nawa take jira kafin kowanne ya fito. Ka lura da inda take kwafo lamba daga wata taga ta liƙa a wata. Abin da ya fi komai muhimmanci: ka tambaye ta ko tana da nata fayil na Excel a gefe. Sau da yawa za a samu. Abin da ke cikin wannan fayil shi ne jerin ayyukan da manhajar ta kasa yi mata, kuma ta riga ta rubuta maka su ba tare da ta sani ba.

Mataki na biyu: ka ƙirga guraben da ake cikewa

Ka sa mai kula da rumbun bayanai ya fitar maka da jerin duk guraben da ke shafin kwastoma, da kason da aka cike na kowanne cikin shekara biyun da suka wuce. Za ka ga guraben da wani sashe ya nema tun tuni, sashen ma an rushe shi. Waɗanda ba a taɓa su, a ɓoye su daga allo tukuna, a jira wata uku a ga ko wani zai yi magana, sannan a share. Ka duba guraben dole da idon basira. Idan aka tilasta wa mutum cike abin da bai sani ba, zai sa ɗigo ko jerin sifili don ya wuce, gobe kuma a gina rahoto a kan ɗigon.

Mataki na uku: tsaftace bayanai

Nan ne aikin ya fi cin lokaci, nan ne kuma ake yawan yin ha'inci. Kamfani ɗaya za ka same shi sau huɗu: da cikakken suna, da gajarce, da kuskuren harafi, da tsohon sunan da ya bari. Kafin a haɗe su, a zauna a yanke ƙa'ida a rubuce: da me za a gane cewa biyun ɗaya ne, imel ko lambar waya ko lambar rajista, kuma idan adireshi biyu suka saɓa, wanne zai tsaya. Lambobin waya a mayar da su tsari ɗaya mai lambar ƙasa a gaba, irin ƙa'idar E.164 wadda ba ta wuce lamba 15. A duba kuma yadda rumbun ke ajiye haruffa. Tsofaffin da ba a kan UTF-8 suke ba, wato tsarin ajiye haruffa da ke ɗaukar na harsuna daban-daban, sukan mayar da ƙ da ɗ su zama alamar tambaya, sai a nemi mutum a rasa alhali yana ciki.

A ɗauki kwafin rumbun kafin a haɗe ko da suna biyu ne, a kuma gwada maido da kwafin a ga yana tashi. Haɗewa ba ta cika warwaruwa ba. Bayan haka a toshe ƙofar da dattin ke shigowa, wato manhajar ta riƙa faɗakar da ma'aikaci idan zai buɗe sabon suna mai kama da wanda ke akwai.

Mataki na huɗu: ka bi sawun ɗinkin da aka yi mata

Kowace tsohuwar CRM tana ɗauke da ƙare-ƙaren da masu rubuta manhaja suka yi wa kamfanin, kuma yawancinsu sun bar aiki. Waɗannan ne ke hana sabuntawa, don ana tsoron a taɓa nan can ya rushe. A jera su, kowanne a rubuta abin da yake yi da wanda ke amfana da shi yau. Wanda ba a samu mai shi ba, a kashe shi a wurin gwaji a gani. Wani ma za a tarar sabon zubin manhajar ya riga ya zo da shi. Siebel misali ne: tsohuwar fuskarsa ta dogara da ActiveX, wata tsohuwar fasahar Microsoft, da Internet Explorer, burauzar da Microsoft ta yi wa ritaya ranar 15 ga Yuni, 2022, alhali Oracle ta daɗe da fitar da sabuwar fuska, Open UI, mai aiki a burauzocin zamani.

A nan ne kuma za a duba mahaɗarta da sauran manhajoji, kamar ta lissafin kuɗi da ta sito. Idan har yanzu fayil ake turawa sau ɗaya cikin dare, to mai sayarwa na iya yi wa kwastoma alƙawarin kayan da suka ƙare tun safe.

Mataki na biyar: tsaro da doka

A kwatanta jerin masu asusu da jerin ma'aikatan yanzu, a rufe na waɗanda suka tafi. A hana mutum biyar amfani da kalmar sirri ɗaya, a ƙara tantancewa ta biyu wajen shiga, a taƙaita masu ikon sauke dukkan sunayen kwastomomi lokaci guda. Sabar ma a duba ta: Windows Server 2012 ta daina samun gyaran tsaro na yau da kullum tun Oktoban 2023. Idan kamfani na riƙe da bayanan mazauna Tarayyar Turai, dokar GDPR da ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018 ta ba mutum damar neman a goge bayanansa, tararta kuma na iya kaiwa yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin ɗari na cinikin shekara. Ka gwada da sunan bogi ka ga ko manhajar za ta iya goge shi daga ko'ina, har da maƙale-maƙalen imel.

Mataki na shida: yanzu a yi maganar sauyi

Sai a wannan gaɓar tambayar gyara ko sauyawa take da amsa. Idan mai manhajar ya sa ranar janye tallafi, kamar yadda SAP ta sa ƙarshen 2027 ga tallafin yau da kullum na Business Suite 7, wanda SAP CRM ke ciki, tare da damar tsawaitawa zuwa 2030 da ƙarin kuɗi, to lissafin ya fara daga wannan ranar a dawo baya. Idan za a koma irin su Salesforce da ke aiki ta intanet, a fara da sashe ɗaya, a bar tsohuwar a buɗe don karatu kawai na wasu watanni. Sannan ka koma wurin ma'aikaciyar nan da takardarka ta farko, ka sake ƙirga dannawar, ka tambaye ta ko har yanzu tana buɗe fayil ɗinta na Excel.